Talata da Alhamis na Umma

Ku gyara zama, masu karatu. Abin da na gani ranar Talatar nan har yanzu bai gama zauna mini a kai ba, amma zan bi da ku daki-daki, yadda nake yi wa ɗalibaina a aji.

Mu biyar ne a gidanmu, in an haɗa da Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a nan take kwana ba amma a nan take wuni. Baba ya yi ritaya daga gidan waya. Yana da kujerar roba guda a inuwar tsakar gida, da rediyo, da tabarau biyu, ɗaya na karatu ɗaya na neman na karatun. Abin da ya rasa suruki ne. Umma tela ce, kekenta na ɗakin da ke kallon ƙofar gida, kuma tun ina firamare ƙarar keken nan ce ke tashe ni da safe. Abin da ta rasa gwiwa ce: in za ta miƙe daga tabarma sai ta dafa bango, ta ce "wash" sau biyu. Auta tana aji biyu a jami'a, ba ta rasa komai ba sai kunya. Gwaggo ta rasa haƙuri da ni. Ni kuwa shekarata talatin da ɗaya, ina koyarwa a makarantar 'yan mata da safe, da yamma ina fama da digirin digirgir, kuma abin da na rasa kalma ɗaya ce: e ko a'a.

Wanda ke jiran kalmar likitan dabbobi ne. Auta ce ta raɗa masa Likitan Kaji, ta ɗauki wayata ta adana lambarsa da sunan, ni kuma ban taɓa canzawa ba. Dogo ne, mai magana a hankali, kullum hannunsa na ƙamshin sabulun asibiti. In ya zo gaida Baba yakan riƙo wa Umma kiret ɗin ƙwai. Shekara biyu ke nan yana zuwa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa cewa in bar karatu ba. Za ku ce to mene ne matsalata? Matsalata tana cikin kwamfutata.

Bincikena a kan hutu ne. Kada ku yi dariya, Gwaggo ta riga ku. Ranar da na yi mata bayani cewa ina nazarin yadda mutane iri-iri ke hutawa, da yadda hutun ke shafar walwalarsu da yadda suke ganin kansu, kallona ta yi sama da ƙasa.

"Shekara huɗu kina karatun yadda ake hutawa? Zo nan in koya miki a minti biyu. Shimfiɗa tabarma. Kwanta. Na ba ki dakta."

Ga yadda nake aikin. Na buga wani ɗan littafi mai shafi bakwai, shafi ɗaya kwana ɗaya. Kowace awa tana da layi, kowane layi yana da gida bakwai: sana'a, aikin gida, kula da wasu, ibada, zirga-zirga, asibiti da magani, sai na ƙarshe, hutu da nishaɗi. Mutum zai riƙa sa alama a gidan da awarsa ta faɗa. A bayan littafin akwai tambayoyi kan barci, da dariya, da nauyin zuciya. Mutum ɗari biyu da arba'in suka cika mini: direbobi, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa, masu shara, malamai, manyan ma'aikata. Ba suna, lamba kawai.

Da na tattara, sai lissafin ya tayar mini da hankali. Maza suna samun hutun kusan awa biyu a rana. Matan da ba su yi aure ba, awa ɗaya da rabi. Matan aure masu 'ya'ya, minti goma sha tara. Sai kuma littafi mai lamba ɗari da sha huɗu, wanda gidan hutunsa fari ne fat daga Litinin har Lahadi. Ko ɗigo babu.

Ba ni da izinin sanin mai shi, amma na sani. Duk lambar bakwai da aka rubuta a ciki an ja mata layi a tsakiya, irin wanda nake gani a jikin bangon ɗakin ɗinki tun ina yarinya, inda ake rubuta awon kafaɗa da na hannu. Umma ta karɓi littattafai ashirin ta ce za ta raba wa masu kawo mata ɗinki, ashe ta ajiye ɗaya ta cika.

Tun ranar, duk lokacin da Likitan Kaji ya turo saƙo, wannan farin gidan nake gani. In ce a raina, yarinya, ga inda za ki. Mutumin kirki ne, Baba ma mutumin kirki ne, amma duba abin da shekara talatin da uku ta bar wa Umma.

Ranar Lahadi da yamma Baba ya kira ni. Ya rage rediyo, alamar magana babba ce. Gwaggo ta jawo kujerarta kusa, Auta ta fake da shanya.

"Uwata," haka yake kirana, "ni ba zan matsa miki ba. In a'a ce, wallahi a'a ce, ni zan gaya wa yaron da bakina. Amma ajiye mutum shekara biyu ba tare da amsa ba, ba halinmu ba ne. Kawunsa ya kira ni jiya, na rasa abin faɗa. Ranar Juma'a ki ba ni kalma ɗaya."

"Juma'a ma ya yi mata nisa," in ji Gwaggo. "Ni a shekarunta na aurar da ɗiya."

"Gwaggo, a lokacinku ba a ƙirƙiro karatu ba," in ji Auta daga bayan zanin gado.

"Ke, zan ci mutuncinki!"

Umma tana ɗaki, keke na tafiya. Ni kuwa na ce "to, Baba," na shige ɗaki. Wayata ta yi ƙara.

Likitan Kaji: Na ji Kawu ya kira Baba. Ban sa shi ba, ki yi haƙuri.

Ni: Na sani.

Likitan Kaji: Kin ci abinci?

Na kalli tambayar na rasa abin da ya sa hawaye ya zo mini. Na rubuta "e", na kife wayar.

Litinin na je wajen Farfesa, mai duba aikina. Mace ce gajeriya mai furfura a gaban goshi, ofishinta cike da takardu har kan taga, kofin shayinta kullum a kan kundin wani. Na kai mata babi na biyar ina jiran yabo. Ta sa tabarau, ta buɗe jadawalin da ke ƙarshe, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Malama, zo ki zauna nan kusa. Kin duba waɗannan sha ɗayan?"

Ta ja musu layi da jan biro. Mata goma sha ɗaya, duk gidan hutunsu babu komai ko kusan babu.

"Su ne hujjata, Farfesa. Su ne suka fi kowa rashin hutu."

"To duba bayan littafinsu."

Na duba. Barci, lafiya lau. Dariya, kullum. Nauyin zuciya, kaɗan. A cikin mutum ɗari biyu da arba'in babu wanda ya kai su maki a walwala.

"Yanzu duba gida na shida," in ji ta. "Asibiti da magani."

Talata, huɗu zuwa shida. Alhamis, huɗu zuwa shida. Dukkansu. Ɗaya alƙaliya ce mai ritaya, ɗaya mai sayar da kifi, ɗaya likita, biyu masu shara a asibiti, ɗaya matar da ke da shagunan tayal, ɗaya tela.

Farfesa ta cire tabarau. "Gaya mini, wace cuta ce wannan da ke kama alƙaliya da mai kifi rana ɗaya, awa ɗaya, kuma ta bar su suna dariya? Ta hannun wa littattafan nan suka bi?"

"Ta hannun mahaifiyata," na ce a hankali.

"Uhm. Kuskure na farko ke nan, za mu yi maganarsa. Ba ki da izinin bin kowa a cikinsu, kin sani. Amma kada ki sake kawo mini babin nan sai kin gane abin da gida na shida ya haɗiye."

Ni ba babi nake tunani ba. Tela ɗaya ce a cikin sha ɗayan. Na san Umma na fita Talata da Alhamis, gidan duka mun sani: "ganin likitan gwiwa". Ina makaranta ko ɗakin karatu a lokacin, ban taɓa sa abin a rai ba. Amma sau biyu a mako, awa bibbiyu, shekara da shekaru? Gwiwa ba ta cin wannan lokacin. Uwar wata ƙawata haka ta riƙa zuwa wankin ƙoda, sau biyu a mako, tana ɓoye wa 'ya'yanta har sai da abin ya ci ƙarfinta. A cikin bas ɗin komawa gida ita nake ta tunowa. Na manta da makin walwala, na manta da dariyar. Abu ɗaya na riƙe: Umma ba ta da lafiya, kuma ni mai digiri biyu ban lura ba.

Talata na nemi izini a makaranta na dawo da wuri. Na tsaya a shagon mai katin waya da ke kallon layinmu, na ja mayafi na rufe rabin fuska kamar ɓarauniya. Allah ya yafe mini, ba a matsayin mai bincike na bi ta ba, a matsayin 'ya na bi ta.

Uku da rabi ta fito. Doguwar riga ruwan toka, babban hijabi baƙi, takalmin roba, da wata tsohuwar jakar leda mai zif da na sha gani a bayan ƙofa ina zaton ƙyallaye ne a ciki. Tana tafiya tana ɗingishi, tana dafa katangar maƙwabta. Ta hau bas, na hau tasi na ce ya bi shi. Direban ya kalle ni ta madubi.

"Hajiya, in rigima ce ni ba na shiga."

"Uwata ce."

"To wannan ta fi rigima," ya ce, ya ja mota.

Mun wuce babban asibiti, ba ta sauka ba. Mun wuce asibitin ƙashi, ba ta sauka ba. Sai a bayan tsohon filin wasa, gaban wani dogon gini mai rufin kwano da tagogi can sama kusa da rufi. A ƙofar an rataye allo da rubutun hannu: Mata kaɗai, huɗu zuwa shida. Wata dattijuwa mai gadi tana zaune a kan benci tana yanke farce. Umma ta shige ba tare da an tambaye ta komai ba.

Na jira minti goma sannan na matsa.

"Sabuwa ce?" in ji mai gadin.

"Wajen mahaifiyata na zo. Wadda ta shiga yanzu, mai baƙin hijabi."

Ta saki abin yankan farcen. "Ke 'yar Kyaftin ce? Mai karatun nan da ba ya ƙarewa? Shiga, shiga. Ki cire takalmi, ƙasan da santsi."

Kyaftin? Na ɗauka ta rikita ni da wata.

Wani siririn lungu na bi, mai warin maganin tsabtace ruwa. Na wuce ɗakin canza kaya, inda hijabai da mayafai ke rataye a jere a kan ƙusoshi, na tsada da na gwanjo kafaɗa da kafaɗa, ƙarƙashinsu takalma, a gefe kuma dardumar salla guda uku a naɗe. Sai na ji ƙarar ruwa da shewar mata. Na tura ƙofa.

Masu karatu, ban san yadda zan gaya muku ba.

Wani ƙaton kwamin iyo ne, tsawonsa ya kai ajina uku a jere. Hasken yamma yana saukowa daga tagogin sama yana faɗawa kan ruwan, ruwan kuma yana mayar da shi jikin rufi yana rawa. Mata kusan ashirin a ciki, kowacce da riga mai dogon hannu da wando har idon sawu da hular roba. A bakin kwamin, can ɓangaren mai zurfi, wata mata ta tsaya da shuɗiyar hula da usur a wuya. Na gane ɗinkin kafin in gane matar. Irin kalmasar Umma ce.

Ta taka zuwa baki da ɗingishinta. Ta ɗaga hannu biyu sama. Sai ta tafi.

Ko fantsama ruwan bai yi ba, buɗewa ya yi ya karɓe ta. Na ga inuwarta tana tafiya a ƙasa, doguwa, miƙaƙƙiya, ba gwiwa, ba wash, ba dafa bango. Na fara ƙirge a raina don tsoro: goma, sha biyar, ashirin. Sai da ta wuce rabin kwamin sannan kanta ya ɓullo, hannu ɗaya ya fito ya yanki ruwa, ɗayan ya biyo, a natse, kamar yadda take tura yadi a ƙarƙashin allura. Ta kai bango, ta dunƙule, ta juya a cikin ruwa, ta tokari bangon da ƙafafun nan da nake shafa wa man zafi, ta dawo.

Matar da ta goya ni. Matar da ban taɓa ganin ta yi gudu ba. Na tsaya da takalmi a hannu, bakina a buɗe, na ji ina cewa Subhanallahi a fili ban san na fara ba.

Sau shida ta je ta dawo. Da ta tsaya ta riƙe bakin kwamin, ta tura tabaran ruwa goshi, sai ta yi wata dariya da ban san tana da ita ba, dariya mai buɗe baki duka, ta busa usur.

"Tulu! Na gan ki! Ƙafarki na taɓa ƙasa!"

Wata doguwar dattijuwa da ke ɓangaren mara zurfi ta ɗaga hannu. "Kyaftin, a yi mini adalci, numfashi nake!"

"Adalci a kotu kika bar shi. Jirgi, riƙe mata ciki."

Wata ƙaƙƙarfar mata ta nufo ta tana tura ruwa da ƙirji. Na san ta, ita ke sayar mana da kifi a bakin kasuwa. Ta sa tafin hannu a ƙarƙashin cikin dattijuwar ta ɗago ta kamar jaririya.

"Saki jikinki, Tulu. Shekara talatin kina ɗaure mutane, yau ke ce kin kasa sakin wuya."

"Za ki zo hannuna, Jirgi."

"Na zo. Ga ki a nawa."

Sai a lokacin na gane Tulu. Hotonta na sha gani a jarida da jar riga da farin gashin alƙalai. Ga ta tana shure-shure a tafin mai kifi, tana shan ruwa tana tari tana dariya. A gefe wata na koya wa wata yadda ake fitar da numfashi ta hanci. Daga baya na ji mai koyarwar shara take yi a asibitin da mai koyon ke shugabanta. Shekara huɗu ina rarraba mutane rukuni-rukuni a kwamfuta, ga su nan ruwa ɗaya ya haɗa su, da hula iri ɗaya, ba ka sanin wa ke da mota wa ya zo a ƙafa.

Jirgi ce ta fara hango ni. "Kyaftin, ga wata ta zo da kayanta a jiki. Ko a jefo ta?"

Umma ta juyo. Na zaci za ta firgita, ko ta ji kunya. Ta dai dube ni, ta dubi takalmin da ke hannuna, ta ce, "Zauna a bencin can, kada ki jiƙa mayafinki. Saura awa ɗaya da rabi."

Ba ta rage ko minti ɗaya saboda ni ba. Na zauna na kalle ta har shida.

Da suka fito, ta sauya kaya, ta dawo Umman da na sani: hijabi, ɗingishi, jakar leda. Ta zauna kusa da ni ta ce "wash" sau biyu. Idanunta sun yi ja kaɗan, fuskarta kuwa kamar an wanke ta daga ciki.

"Na zaci ƙoda ce," na ce, sai kuka ya ƙwace mini.

"Ƙodar wa? Allah ya kiyaye. Share fuskarki, ana kallonmu."

"Umma, tun yaushe?"

"Shekara tara. Likita ce ta ce in riƙa tafiya a cikin ruwa saboda gwiwa. Wata uku ina tafiya a gefe ina riƙe da ƙarfe kamar mai koyon tatata. Rannan ƙafata ta zame, na nutse, na taso, sai na ji ban mutu ba. Shi ke nan."

"To me ya sa kika sa shi a gidan asibiti? Kin ɓata mini babi guda."

"Ƙarya na yi? Likita ce ta turo ni. Ga ta can tana taje kai, je ki tambaye ta."

Wata mata mai tawul a wuya ta ɗago mana hannu.

Umma ta rage murya. "Saurara, ke mai karatu. Da na ce hutu nake zuwa, kina ganin zai kai mako biyu? Ranar farko Gwaggonki za ta kawo ɗinkin gaggawa. Rana ta biyu a yi baƙi. Rana ta uku a ce ai hutu ne, a ɗaga zuwa gobe. Amma ki ce asibiti, ko mai bin ki da ɗinkin amarya sai ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Duk matan nan haka suke rubutawa, ba mu haɗa baki ba. Kowacce ta san gidan da ba a taɓawa."

"Baba fa?"

Ta yi murmushi tana zuge zif ɗin jaka. "Tun wata na biyu ya sani. Gashina ke warin maganin ruwa. Ya shinshina, ya dube ni, ya ce, 'Wannan asibitin naku da ruwa yake.' Na ce da ruwa yake. Bai ƙara tambaya ba har yau. Ranar Talata da Alhamis wa kike zaton ke karɓar kayan masu ɗinki? Wa ke ɗora ruwan shayi? In Gwaggonki ta fara mita, shi ke ƙara ƙarar rediyo."

Na tuno kujerar robar nan ta Baba. Ashe gadi yake yi.

"Shi ya ba ki, ke nan," na ce.

"A'a. Ni na ɗauka. Shi kuma bai ƙwace ba, ya tsaya a ƙofa ya tare mini. Abu biyu ne, kada ki haɗa su." Ta dafa gwiwata. "Na ga yadda kike kallona tun da kika karanta littafin nan, kamar wadda aka ce miki gobe za a binne ni. Saboda ni kike ja wa yaron nan rai?"

Na sunkuyar da kai.

"To ba zan ce miki aure hutu ne ba. Minti sha taran da kika lissafa gaskiya ne, na yi shekara ashirin da huɗu ko shi ban samu ba, kuma babu wanda ya hana ni, ni ce ban san ana ɗauka ba. Ke kin sani tun kafin ki shiga. Ban ce ki ce e ba, ban ce ki ce a'a ba. Ki tambaye shi abin da ya kamata ki tambaya, ki ga ko mai tsayawa a ƙofa ne."

Tulu ta zo wucewa da mukullin mota a hannu, ta koma alƙaliya sak, har da tabarau mai sarƙa. Ta tsaya a kaina.

"Ke ce mai littafin? In za ki gyara, ki zo ki nemi izininmu ɗaya bayan ɗaya, a rubuce. Kuma in kika sa cewa ƙafata na taɓa ƙasa, zan ɗaukaka ƙara."

"Tana taɓawa," in ji Jirgi daga ƙofa. "Ni shaida ce. Za ki sauke ni a kasuwa ko in hau bas?"

"Shiga, amma bokitin nan a but ɗin mota."

A bas ɗin komawa Umma ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu wuce filin wasa, hijabinta da ɗan danshi ta wajen ƙeya. Na zaro waya da hannu ɗaya. Na rubuta na goge ya fi sau biyar, sannan na tura.

Ni: Ina da tambaya kafin Juma'a. In na ce kwana biyu a mako, awa bibbiyu, nawa ne ni kaɗai, ba girki, ba baƙi, ba a ɗagawa, kuma ba zan kira shi asibiti ba, hutu zan kira shi, me za ka ce?

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Bas ya tsaya a mahaɗa, mai sayar da ruwa ya leƙo ta taga, ni idona na kan waya.

Likitan Kaji: Zan ce wace rana da wace rana, in sa a kalandar asibitina kada a ba ni aiki a lokacin.

Ban gama sauke numfashi ba wani ya shigo.

Likitan Kaji: Amma tunda kin buɗe wannan ƙofar, ni ma ina da Laraba da sassafe. Shekara shida. Ko Kawu bai sani ba, yana zaton zagayen gonakin kaji nake zuwa. Ban gaya miki ba don ina tsoron ki yi mini dariya.

Ni: Mene ne?

Likitan Kaji: Ba ya faɗuwa a waya. Gobe Laraba. Ki zo ki gani da idonki kafin ki ba Baba amsa, ko wace iri ce. Ƙarfe shida da rabi zan zo, ki taho da Auta. Ki sa takalmin da ba kya jin tausayinsa.

Da muka isa gida Baba na kan kujerarsa, ledar ɗinki biyu a gefen ƙafarsa, butar shayi na tururi. Ya dubi Umma, ya dube ni, ya dubi gefen mayafina da ya jiƙe duk da gargaɗin da aka yi mini.

"Ya jikin?" ya tambayi Umma, fuskarsa ba alamar komai.

"Da sauƙi," ta ce.

"Madalla. Uwata, ke ma likitan ya duba ki?"

"Ya duba ni, Baba."

Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo tsohon kambas ɗina daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe shi na ajiye a bakin ƙofa. Auta na ta tambayata ina za mu da sassafe, na ce mata ni ma ban sani ba. A nan durƙushe na gane cewa shekara huɗu ina bin baƙi ɗari biyu da arba'in ina tambayarsu yadda suke hutawa, amma matar da ta haife ni da mutumin da ke son aurena ban taɓa zama na tambaye su ba.